Takardun Jangali a Matsayin Hujja: Amsa ga Masu Cewa a Watsar da Su

A wani taron ƙara wa juna sani kwanan baya, wani abokin aiki ya tsaya kai da fata cewa alƙaluman da Turawan mulki suka bari, musamman rahotannin haraji da ke Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa a Kaduna, ba su da amfani ga mai bincike na yau. Hujjarsa ita ce dagatai da masu unguwanni ne suka yi ƙidayar, Bafulatani kuwa yakan kora shanunsa daji da zarar ya ji ƙishin-ƙishin lokacin jangali ya kusa. Gara, in ji shi, ɗalibi ya ɗauki takardar tambayoyi ya shiga ƙauye ya tattara nasa.

Ban yarda da shi ba, domin abin da masana suka samu daga waɗannan takardu sananne ne (Hill 1977, Watts 1983).

Ban musanta ɓoye shanu ba. Sai dai ƙaryar da ake yi wa mai karɓar jangali gefe ɗaya take karkata. Ba makiyayin da zai ƙara wa kansa saniya don ya biya fiye da abin da ke kansa, mai karɓa ma in zai ci, ragewa zai yi. Ke nan adadin da ke rubuce, a ganina, ƙaramar iyaka ce, kuma ƙaramar iyaka ma ilimi ne. Ita takardar tambayoyin kuwa, wa za ta tambaya game da yunwar 1914? Waɗanda suka gan ta duk sun kwanta dama.

Amma nan dole in rage da'awata. Haraji na kawunan mutane bai bi wannan ƙa'ida ba. Dagacin da ake matsa wa kada kuɗin ƙasarsa ya ragu yana iya barin sunan mamaci ko wanda ya yi ƙaura a cikin lissafi, a raba nauyinsa ga waɗanda suka rage. A nan kuskuren sama yake yi, ba ƙasa ba, kuma abokin nawa ya fi ni gaskiya.

Don haka takardun na buƙatar karatu da lura. Na taɓa riƙe wani fayil na haraji, gara ta ci gefensa, an soke jimlar da aka buga da keken rubutu, an sa wata da jan tawada. Wanda ya kwafi adadin kawai ya tafi, bai san hannu biyu ne suka rubuta shi ba. Ni dai jan tawadar nan na fara bi, ina neman wasiƙar da ta sa aka yi gyaran.