Takin Gari da Fadamar Kabi: Waiwaye Kan Zuba Dagwalon Masai a Gona

Gabatarwa

Manufarmu a wannan maƙala ita ce mu bi diddigin amfani da ƙazantar gari a matsayin taki, don mu ga abin da tarihi zai koya wa manoman shinkafa na Birnin Kebbi da Argungu. Ra'ayinmu shi ne, al'adar tsohuwa ce, amma abin da ke cikin takin ya sāke, kuma ƙasa tana riƙe abin da aka zuba mata shekaru masu yawa.

Takin gari a da

Manomin ƙasar Hausa ya daɗe da sanin darajar juji. A shekarun 1960 Michael Mortimore ya bayyana yadda jakuna ke shiga birnin Kano da itace, su fito da mangalolin taki zuwa gonakin karkara, har ana noma gona ɗaya kowace shekara ba tare da an bar ta ta huta ba. Wannan taki toka ne da kashin dabbobi da shara, watau abin da ya fito daga gona shi ke komawa gona.

A fadamar Kabi kuwa, ambaliyar Gulbin Rima ita ce ke shimfiɗa sabuwar laka kowace damina. Da aka gama madatsar Bakolori a 1978, da ta Goronyo a 1984, sai yanayin ambaliyar ya sauya, wani ɓangare na lakar ya riƙa kwantawa a bayan madatsun. Daɗin daɗawa, Birnin Kebbi ya zama babban birnin jiha a 1991, jama'a suka ƙaru, masai suka yawaita. A nan ne kuma aka ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance a 2015. Ga fadama mai bukatar taki, ga takin zamani da tsada, ga gari cike da dagwalo. Lalle ne wata rana a ce a haɗa su.

Abin da ya faru a wasu wurare

A Woburn ta ƙasar Ingila an zuba dagwalon magudanun Landan a wata gonar gwaji daga 1942 zuwa 1961. Da masana suka auna ƙasar a shekarun 1980, sai suka tarar mafi yawan ƙarafan da suka shigo da shi, irin su kadmiyam da tagulla, suna nan daram, ƙananan halittun da ke raya ƙasa kuma sun ragu. A Toyama ta Japan, kadmiyam daga mahaƙar ma'adinai ya bi ruwan kogi ya shiga shinkafa, ya lalata ƙoda da ƙasusuwan mutane. Gwamnati ba ta amince da musabbabin ba sai a 1968. A nan gida ma, ruwan masana'antun Bompai yana gangarawa Kogin Jakara, inda masu lambu ke ban ruwa da shi.

Ƙasar wurare masu zafi tana da nata rauni. Zafi yana ruɓar da sashen takin mai amfani cikin 'yan damuna kaɗan, alhali kuwa dalma da kadmiyam ba sa ruɓewa. Saboda haka manomi zai ƙara zubawa, ƙarfe kuma ya ƙara taruwa. Har ila yau, ƙwan tsutsar ciki yakan yi watanni da rai a ƙasa mai laima, irin wadda manoma da masunta ke shiga ba takalmi.

Kammalawa

Ba mu ce a haramta wannan taki ba, domin dagwalon gidaje bai kai na masana'antu guba ba. Abin da muke kira a kai shi ne abu uku: a raba najasar gida da ta asibiti da ta garejin makanikai, a ajiye ta ta bushe fiye da shekara guda kafin a kai gona, a kuma auna ƙasar fadama tun yanzu, a adana sakamakon, don na baya su sami abin kwatantawa. Tarayyar Turai ta kafa dokarta a 1986, bayan an riga an yi shekaru ana zubawa. Kabawa suna da damar su riga ɓarnar, domin fadamar da ta ci da kakanninsu tun zamanin Kanta amana ce ta jikokinsu.