Isa (Yesu Almasihu)

Isa, *suna, namiji*. Kiristoci Hausawa na cewa Yesu. Ɗan Maryamu, wanda ya tashi a Nazarat ta ƙasar Galili a ƙarni na ɗaya, kuma a kansa addinin Kirista ya ginu. An saɓa a kan ko shi wane ne.

1. *A Kiristanci:* Ɗan Allah, wanda aka gicciye, ya tashi daga matattu a rana ta uku. Majalisar Nikiya ta shekarar 325 ta ƙi koyarwar Ariyus cewa halittacce ne. Ta Kalsidon ta 451 ta ce cikakken Allah ne kuma cikakken mutum.

2. *A Musulunci:* annabi ne, manzo, bawan Allah, alaihissalam. An haife shi ba uba, an ba shi Linjila. Ba a kashe shi ba, Allah ya ɗauke shi, zai dawo kafin tashin alƙiyama. Ahmadiyya kuwa sun ce a Kashmir ya rasu.

3. *A Yahudanci:* ba a karɓe shi a matsayin Almasihun da ake jira ba.

4. *A wajen masana tarihi:* yawancinsu na ganinsa mai wa'azi Bayahude da gwamnan Rumawa, Bilatus, ya sa aka gicciye wajen shekarar 30 ko 33. Marubutan tarihi na dā, Josefus da Tasitus, sun ambace shi. 'Yan tsiraru, irin su Bruno Bauer na Jamus, sun musa cewa ya taɓa rayuwa.

*Duba:* Almasihu, Linjila, Maryamu.