Guzurin Alhazan Ƙafa: Ƙananan Kayan da Suka Kai Mutane Makka

Kafin jirgin sama ya zama abin hawan alhazan ƙasar nan a shekarun 1950, mafi yawan wanda ya yi niyyar sauke farali da ƙafarsa yake tafiya ko bisa jaki, ya tashi daga Kano ko Sakkwato, ya ratsa Barno ya shiga Fallomi, ya keta Wadai har Abashe, ya faɗa Darfur da Kurdufan, ya ƙetare kogin Nilu, sa'an nan ya gangara Sawakin a bakin Bahar Maliya, inda zai nemi jirgin ruwan da zai tsallakar da shi Jidda. Tafiya ce ta shekaru, har ya zama al'ada mutum ya biya basussukansa, ya bar wasiyya, ya nemi gafarar dangi, ya kuma naɗe likkafaninsa a ƙarƙashin kaya.

Malamai sun daɗe suna karantar da cewa yin guzuri umarni ne a cikin Suratul Baƙara, kuma an ruwaito cewa sababin saukar ayar shi ne wasu mutanen Yaman da ke zuwa hajji hannu wofi da sunan tawakkali, su ɓuge da roƙon jama'a. Amma mazhabar Malikiyya, wadda ita ce ta mutanenmu, ta faɗaɗa ma'anar samun iko, domin a Muhtasar na Shaihu Halil an bayyana cewa mai sana'ar da za ta ciyar da shi a hanya, matuƙar yana iya tafiyar ƙasa, hajji ya hau kansa ko da ba shi da abin hawa. Wannan hukunci shi ya tsara jakar alhazanmu, domin wanzami zabirarsa ita ce jarinsa, baduku ya ɗauki basilla da wuƙa, malami kuwa ya rataya gafaka da allo da 'yar gorar tawada, duk zangon da aka sauka kowa ya buɗe sana'arsa har a sami na ci gaba.

Abinci kuwa, an zaɓi wanda rana ba ta ɓata shi: garin gero, kilishi, ƙuli-ƙuli, busasshiyar kuɓewa, garin kuka, daddawa da yaji. Sai tsamiya, wadda ake jiƙawa domin ta kashe gafin ruwan rijiyar da ba a saba da ita ba, da ɗan dunƙulen kanwa wanda ke maganin ciwon ciki, ake kuma ba dabbobi lasa. Goro yana da matsayi na daban, saboda shi ne gaisuwar da ake miƙa wa mai gari da mai masauki. Sai dai yana buƙatar hidima, a riƙa kwance huhun ana tsince wanda tsutsa ta taɓa, ana yayyafa wa ganyen ruwa, in ba haka ba ya bushe tun ba a fita Barno ba.

Abin da ya fi kome raba mai tsira da mai halaka a wannan tafarki shi ne sha'anin ruwa, kuma a nan ne darajar ƙananan kaya take bayyana. Salka kan tsage in ta gogi ƙaya, kuma wanda ba shi da allura da zaren jijiya yana ji yana gani ruwansa zai tsiyaye a cikin rairayi. Rijiyoyin hanya masu zurfi ne, wanda ya iso bakinsu babu igiya da guga sai ya zauna jiran alfarmar wani. A yammacin Kurdufan mutanen ƙasar sukan rarake cikin manyan itatuwan kuka su tara ruwan damina, su sayar wa matafiya da rani, saboda haka dole a tanadi abin biya. Wuri, wanda ake ciniki da shi a kasuwar Kurmi ta Kano a wancan zamani, ba ya karɓuwa a can gabas. Abin da ake so shi ne riyalin azurfa na Mariya Tariza mai ɗauke da shekarar 1780, kuma alhazai sukan ɗinke shi cikin ɗamara saboda 'yan fashi.

Da Turawa suka kafa mulki sai wani sabon guzuri ya shigo, wato takarda. Jirgin ƙasa ya rage wahalar hanya daga Kurdufan zuwa bakin teku, gonakin auduga na Jazira, waɗanda suka bunƙasa bayan kammala madatsar Sannar a 1925, suka zama wurin neman kuɗin jirgi, amma a Sawakin sai an nuna fasfo, an yi allurar rigakafi, an kuma zauna a killace kafin a ƙetare. Da yawa guzurinsu ya ƙare a ƙasar Sudan suka yi zamansu, suka haɗu da jama'ar Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru wanda ya yi shahada a Burmi a 1903, kuma zuriyarsu na nan a Sudan har yau suna magana da Hausa da Fillanci.

A yau tafiyar ba ta wuce sa'o'i kaɗan, amma hukumomin Saudiyya suna neman shaidar rigakafin shawara da sanƙarau, kuma sau da yawa za ka ga maniyyaci ya cika akwati da tufafi alhali ya manta da katinsa na rigakafi, ko maganin hawan jininsa da takardar likita, ko kwafin fasfo, ko kan soket da zai dace da na masauki. Ya kamata duk mai shirin fita ƙasar waje ya fara tattara waɗannan a jakar hannunsa, ya tabbatar sun kammala, kafin ya waiwayi manyan kaya.