Asalin Al'adar Ganin Likita Sau Ɗaya a Shekara

Mai karatu, ka sha jin ana cewa ko lafiyarka ƙalau, ka je likita ya duba ka sau ɗaya a shekara. Wannan magana ba jiya aka fara ta ba.

A shekarar 1861 wani likita a Landan, Horace Dobell, ya ba da shawarar a riƙa duba masu lafiya lokaci-lokaci, domin a tari cuta tun ba ta kwantar da mutum ba. Shawarar ba ta samu karɓuwa a zamaninsa ba. Waɗanda suka raya ta kamfanonin inshorar rai ne na Amurka, a farkon ƙarni na 20, kuma dalilinsu a fili yake: duk shekarar da mai inshora ya ƙara a duniya riba ce gare su. A 1922 Ƙungiyar Likitocin Amurka ta amince da tsarin, sannu a hankali ya zama al'ada.

Sai a 1979 wani kwamitin masana a Kanada ya zauna ya auna hujjojin. Hukuncinsa shi ne a daina duban gama-gari na shekara-shekara, a zaɓa wa kowa gwajin da ya dace da shekarunsa, da jinsinsa, da cutar da ake jiye masa. Nazarin Cochrane na 2012, wanda ya tattara bincike a kan mutum sama da dubu 180, shi ma bai ga duban ya rage mace-mace ba.

To, a nan nake so ka yi hattara. An yi waɗannan bincike ne a ƙasashen da ganin likita ba wuya. Magidancin da ya haura arba'in ba a taɓa auna jininsa ba, ba da shi ake ba, domin hawan jini kan yi shekaru bai nuna alama ba.

Haka kuma ba da mai ciwon da ake lallaɓawa ake ba. Idan an ɗora ka a kan maganin hawan jini, ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2021 ita ce ka koma duk wata har jinin ya daidaita, sannan duk wata uku zuwa shida. Mai ciwon sukarin da bai daidaita ba kuwa, akan yi masa gwajin HbA1c duk wata uku, saboda jajayen ƙwayoyin jini kan rayu kwana 120 ne, kuma a jikinsu ake karanta yadda sukarin ya kasance a watannin baya.