Daga Furar Amarya Zuwa Sha-ka-fashe

A da, ƙiba shaidar wadata ce. Kafin biki akan ɗura wa amarya fura da nono har ta murje. Littattafan soyayya da suka taso daga Kano a shekarun 1980 sun zo da wata jaruma: doguwa, fara, mai siririn ƙugu. Finafinan bidiyo, da suka fara da Turmin Danya a 1990, suka ɗora, waya ta ƙarasa.

Yau wata budurwa na haɗiyar sha-ka-fashe, sau da yawa dexamethasone, mai kumbura jiki da tayar da ciwon suga. Ƙawarta kuwa tana ƙaurace wa abinci. Marubutan da suka zana wannan ma'auni, lokaci ya yi da za su rubuta ciwon da ya haifar.