Zama da neman aiki a tsibiran Kabo Berde: abin da ya kamata matashi ya sani

Tafiya cin rani ba baƙon abu ba ne a ƙasar Nijar. Tun kaka da kakanni, idan an gama aikin gona, samari kan kama hanyar Nijeriya, Gana ko Kodebuwa, wasu kuma su nufi Libiya da Aljeriya. A ƴan shekarun nan wayar salula ta kawo wa matasa hotunan wasu wurare na daban: tsibirai masu farin rairayi da manyan otal a bakin teku. Ɗaya daga cikinsu ita ce ƙasar Kabo Berde, wadda ake kira Cap-Vert da Faransanci. Wannan bayani zai nuna yadda ƙasar take, irin aikin da baƙo ke samu, da abin da ya wajaba a shirya kafin a tashi.

Ina ne Kabo Berde?

Tsibiri ƙasa ce wadda ruwa ya kewaye ta ko'ina. Kabo Berde tarin tsibirai 10 ce a cikin tekun Atlantika, kimanin kilomita 570 yamma da gaɓar Senegal. Mutane na zaune a 9 daga cikinsu. Babban birnin shi ne Praia, a tsibirin Santiago. Ƙidayar shekarar 2021 ta nuna jama'ar ƙasar ba su kai rabin miliyan ba.

Babu kowa a tsibiran sai da Turawan Fotugal suka iso wajen shekarar 1460. Suka mai da wurin zangon cinikin bayi, kuma daga cuɗanyar ƴan Afirka da Turawa aka samu al'ummar da ke can yau. Ƙasar ta samu ƴancin kai ranar 5 ga Yuli 1975. Harshen gwamnati da makaranta shi ne Fotugisanci, amma a gida da kasuwa ana magana da Kiriyolu. Mafi yawan jama'a Kiristoci ne ƴan Katolika. Musulmi kaɗan ne, kuma galibinsu baƙi ne daga Senegal, Gine da Gine-Bisau.

Yanayin ƙasar

Wanda ya ji an ce tsibiri zai zaci ko'ina kore ne shar. Abin ba haka yake ba. Birnin Praia yana daidai layi ɗaya da Tawa idan an miƙe daga gabas zuwa yamma, kuma yanayin ƙasar na Sahel ne. Damina gajera ce, daga Agusta zuwa Oktoba, wata shekarar ma ba ta zuwa. Hazon hunturu yana ƙetare teku ya rufe tsibiran, har jiragen sama su kasa sauka. Saboda haka ne Kabo Berde take cikin ƙungiyar CILSS mai yaƙi da fari a Sahel, tare da Nijar.

Fari ya sha jawo yunwa a can. Ta shekarun 1940 ta kashe dubban mutane. Wannan ne ya sa ƴan ƙasar da kansu suka yi ta ƙaura, har waɗanda ke zaune a Amurka, Fotugal, Holan da Faransa suka fi na gida yawa. Har yau mafi yawan abincin da ake ci daga waje ake shigo da shi. A tsibiran Sal da Boa Vista ruwan teku ake tacewa da injuna kafin a sha, don haka ruwa da wutar lantarki suna da tsada.

Wane aiki baƙo ke samu?

Babban arzikin ƙasar shi ne yawon buɗe ido. A shekarar 2023 baƙin da suka sauka a otal ɗinta sun wuce miliyan ɗaya, mafi yawansu Turawa, kuma galibi a Sal da Boa Vista suke sauka. Wannan ne ya jawo matasa daga Gine-Bisau, Senegal, Nijeriya da sauran ƙasashen yammacin Afirka.

Ayyukan da suka fi samu su ne leburancin gini, gadi, wanke-wanke da shara a otal, ɗinki, da tallar kayan hannu ga masu yawon buɗe ido. Aikin karɓar baƙi, na girki ko na raka masu yawo sai wanda ya iya Turanci, Faransanci ko Fotugisanci, yana kuma da takardar shaidar koyon sana'a. Wanda ya iya gini, walda, haɗa wuta ko gyaran famfo ya fi mai hannu biyu kawai samun shiga.

Sai dai a sani wannan aiki ya dogara ne ga zuwan baƙi. A shekarar 2020, da cutar korona ta hana jirage tashi, otal suka rufe, ma'aikata da yawa suka wayi gari ba aiki ba albashi. Wanda ke tsibiri kuwa ba ya da halin ya hau mota ya koma gida.

Albashi da tsadar rayuwa

Kuɗin ƙasar sunansa eskudo. An ɗaure shi da yuro kamar yadda aka ɗaure sefa: yuro ɗaya eskudo 110 ne da ɗan ɗori, wato eskudo ɗaya ya kusa sefa 6. An kafa mafi ƙarancin albashi a shekarar 2014 a kan eskudo 11.000 a wata. A 2025 ya kai eskudo 17.000 ga ma'aikatan kamfanoni, kimanin jika 101 ke nan na sefa. A Nijar mafi ƙarancin albashi jika 42 ne tun daga 2024.

Wanda ya dubi waɗannan lambobi kawai zai ce riba a fili take. Amma hangen Dala ba shiga birni ba ne. Daga cikin albashin nan za a biya hayan ɗaki, a sayi ruwa, a sayi shinkafa da mai waɗanda jirgi ya kawo daga nesa. A garin Sal Rei na Boa Vista, ƙarancin gidaje ya sa ma'aikata suka kafa unguwar bukkoki da ake kira Barraca, inda aka daɗe ana zama ba famfo ba magudanar ruwa. Kafin mutum ya ƙirga abin da zai aika gida, ya fara ƙirga abin da zai kashe.

Takardun shiga da na zama

Kabo Berde tana cikin ƙungiyar CEDEAO. Yarjejeniyar 1979 ta bai wa ƴan ƙasashen ƙungiyar damar shiga ba tare da biza ba, su zauna har kwana 90. Duk da haka ƴan sandan filin jirgi suna tambayar tikitin komawa, wurin sauka da kuɗin guzuri, kuma suna mai da wanda bai cika sharuɗɗan ba.

Nijar, Mali da Burkina Faso sun fita daga CEDEAO ranar 29 ga Janairu 2025. A ranar ƙungiyar ta sanar cewa za a ci gaba da karɓar takardun tafiyar ƴan waɗannan ƙasashe har sai an yi wata sanarwa. Tun da abin yana iya canzawa, wajibi ne ɗan Nijar ya tambayi ofishin jakadancin Kabo Berde, kamar na Dakar, kafin ya sayi tikiti. Ana bukatar fasfo mai sauran wa'adi da katin rigakafin shawara. Wanda zai wuce kwana 90 sai ya nemi takardar izinin zama. In babu ita, mai gida yana iya hana shi haƙƙinsa, ya rasa inda zai kai kuka.

Hatsarin kwalekwale

Hanyar da ta dace ita ce jirgin sama, musamman daga Dakar. Kada kowa ya yarda da mai cewa Kabo Berde matakala ce ta zuwa Turai. Tsibiran Kanari na ƙasar Sipaniya suna can arewa, nisan kusan kilomita 1.500 cikin teku. A watan Agusta 2023 an tsinci wani kwalekwale kusa da tsibirin Sal. Ya taso daga ƙauyen Fass Boye na Senegal da mutum 101, ya ɓace cikin ruwa fiye da wata guda. Mutum 38 kaɗai aka samu da rai.

Lafiya da abinci

A watan Janairu 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Kabo Berde ta rabu da zazzaɓin cizon sauro. Amma akwai wani zazzaɓin da sauro ke yaɗawa mai suna dengi, wanda ya ɓarke a 2009 da kuma 2024, don haka gidan sauro bai zama tarihi ba. Manyan asibitoci suna Praia da Mindelo. Mai ciwo mai tsanani a ƙaramin tsibiri sai an ɗauke shi a jirgi. Ma'aikacin da aka yi wa rajista a hukumar INPS yana samun taimakon kuɗin magani.

Abincin da aka fi sani shi ne kacupa, wato masara da wake a dafa tare da kifi ko nama. Sau da yawa ana sa naman alade a ciki, saboda haka Musulmi ya tambaya kafin ya ci.

Shawara ga mai niyyar tafiya

Na farko, ya koyi sana'a, ya karɓi takardar shaida. Na biyu, ya iya karatu da rubutu da lissafi, don kada ya sa hannu a kan abin da bai gane ba. Na uku, ya nemi yarjejeniyar aiki a rubuce, mai nuna albashi, awannin aiki da wurin kwana. Na huɗu, kada ya ba dillali kuɗi a kan alkawarin baki, kada kuma ya miƙa wa mai gida fasfonsa. Na biyar, ya ajiye kuɗin komawa gefe guda, ya bar wa iyayensa lambar wani amintacce da ke can.

A ƙarshe, ya zauna da iyaye da iyali a yi lissafi tare. Idan sai an sayar da gona ko shanun noma za a haɗa kuɗin tikiti, a auna abin da wannan kuɗi zai haifar in an sa shi a noman rani, kiwo ko ƙaramar sana'a a gida. Wanda lissafinsa ya fita, takardunsa suka cika, Allah ya kai shi lafiya ya dawo da shi lafiya.