Kiskadi: Tarihin Almajirin da Ya Keɓe da Allonsa

Duk wanda ya san ƙauyukan kudancin Kano, tun daga Rano har zuwa Kibiya da Unguwar Gai, ya san cewa idan kaka ta yi, aka girbe dawa, rumbuna suka cika, akwai wata al'ada da aka gada kaka da kakanni, wato saurayi ya rataya gafaka, ya naɗe buzu, ya ɗauki allo, ya yi sallama da mahaifa, ya nufi gabas neman karatu, alhali kuwa babu sarkin da ya aike shi, babu hukumar da ta yi masa alkawarin aiki, niyyarsa ce kaɗai ta tashe shi.

Asalin wannan al'ada daɗaɗɗe ne. Tarihin Kano ya nuna cewa a zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385, Wangarawa suka iso daga Malle da addinin Musulunci, sa'an nan a zamanin Sarki Yakubu, tsakanin 1452 da 1463, malaman Fulani suka zo da littattafan tauhidi da lugga. Amma ta wajen haddar Alƙur'ani Barno ce alƙibla, domin sarakunanta sun kasance suna rubuta wa malamai takardar mahram, wadda ke ɗauke musu haraji da hidimar fada, har malami ya samu sararin kafa tsangayarsa nesa da hayaniyar mulki. Shi ya sa har yau idan aka ce wane ya tafi gabas, kowa ya san abin da ya je nema.

Wanda ya duba tsarin tsangaya da idon basira zai ga cewa an gina shi ne a kan mutum guda da himmarsa. Yaro yakan fara yana kolo, ya zama titibiri, ya kai gardi, in Allah Ya nufe shi da rabo ya zama alaramma, daga nan gwani. Amma duk tsawon wannan tafiya babu aji, babu ƙararrawa, kowa da allonsa, kowa da inda karatunsa ya tsaya, mai kaifin ƙwaƙwalwa ba a tsare shi don ya jira wani, mai nauyin kai kuma ba a kore shi don ya makara. Idan gari ya waye, gardi yakan fita bayan gari, ya sami inuwar wata bishiya, ya zauna shi kaɗai yana maimaita darasinsa har rana ta yi zafi, wannan keɓewa ita ake kira kiskadi. Ƙarshen al'amarin shi ne satu, inda mahaddaci zai rubuta Alƙur'ani izu sittin da ka, ba tare da ya dubi mushafi ba, alarammomi su bi rubutun harafi bayan harafi kafin su shaide shi.

Mutumin da iliminsa ke cikin ƙirjinsa yana da wuyar mallaka, kuma masu mulki sun daɗe da gane haka. Sarkin Gobir Nafata, da ya ga jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo tana ƙaruwa a Degel, ya sa aka yi shela cewa kada kowa ya yi wa'azi in ban da Shehu, kada wanda bai gaji Musulunci ba ya shige shi, maza su daina naɗa rawani, mata su daina lulluɓi. Dokar ba ta kashe karatu ba, sai ma ta ƙara wa ɗalibai azama, har aka kai ga hijira zuwa Gudu a 1804, a zamanin Yunfa, daga bisani mulkin Gobir ya faɗi a Alƙalawa a 1808.

Abin da magabatanmu suka gani da idanunsu shi ne marubutan Turai da Amurka suka ƙaga a cikin labaran da ke siffanta ƙasar da zalunci ya game ta, aka haramta wa mutum tunanin kansa. George Orwell na Ingila, wanda Bala Abdullahi Funtuwa ya fassara wani littafinsa da sunan Gandun Dabbobi a 1975, ya fitar da littafin 1984 a shekarar 1949, inda laifin jarumin ya faro daga ɓuya a lungun ɗaki yana rubuta abin da ke ransa. Ray Bradbury na Amurka kuwa, a cikin Fahrenheit 451 na 1953, ya kwatanta ƙasar da ma'aikatan hukuma ke ƙona littattafai, mafitar da ya hango kuma ita ce wasu mutane su fice bayan gari, kowanensu ya haddace littafi don kada ya ɓace. Wannan mafita da ya ɗauka abin al'ajabi ce, gardawan ƙasar Hausa da Barno sun shafe ƙarnoni suna aikata ta.

Gaskiya ne tsangaya ta yi rauni a wannan zamani, tun da Turawa suka ci Kano a 1903 aikin hukuma ya koma hannun masu boko, kuma bara da ƙananan yara ke yi a titunan birane abin kunya ne da ya wajaba a kawar, kamar yadda gwamnatin Kano ta haramta shi a 2020. Sai dai wajibi ne masu gyara su bambance tsakanin cutar da ta shigo da asalin da aka gada. Ina kira ga iyaye da malamai da hukumomi, tun daga Unguwar Gai har birnin Dabo, su ciyar da almajiri, su tufatar da shi, su haɗa masa da lissafi da sana'a, amma su bar masa 'yancin neman ilimi gwargwadon himmarsa, domin al'ummar da ta hana ɗanta tunani da kansa ta yanke wa kanta hanyar samun malamai. Allah Ya sa mu dace.